Filin Mata: In Yaro Ya Bugu A Ka

Yau maganarmu a kan buguwar kai ce, irin wadda akan samu in yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ko babur ya kaɗe shi, ko kuwa mace ta zame a bakin rijiya.

Ku sani ƙwaƙwalwa aba ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai. In kai ya bugu da ƙarfi sai ta girgiza, aikinta ya rikice na ɗan lokaci. Ba lalle ne a ga jini ba, kuma yawancin waɗanda abin ya sama ba su suma. Nan ne ake ruɗuwa, a ce ai tun da ya tashi da ƙafarsa lafiya lau yake.

To, ba haka ba ne. Wani lokaci sai bayan 'yan sa'o'i, ko wanshekare, alamun ke fitowa: ciwon kai, jiri, tashin zuciya. Hasken rana ya dame shi, hayaniya ta dame shi. Barcinsa ya yi yawa, ko ya ƙi zuwa. Amma wadda aka fi kuskurewa ita ce canjin hali. Yarinya mai fara'a ta koma saurin kuka, a aike ta ta mance saƙo, ta dubi littafi ta kasa gane abin da ta karanta. Sai a ce ƙiwuya ce, har a kai ga bulala. Haba! Ciwo ne fa, ba rashin kunya ba. Ku 'yan makaranta, kada ku ɓoye, ku gaya wa malama.

Da farko a kai shi likita ya duba. In an sallamo ku, babba ya zauna da shi sa'a 24 na farko. Ba sai an hana shi barci ba, hutu yake bukata. Don ciwon kai a ba shi Panadol gwargwadon shekarunsa. Ban da asfirin, domin tana ƙara zubar jini. Ƙulun goshi kuwa, tsumma mai sanyi ya ishe shi, kada a murza.

Ya huta kwana 1 ko 2, a rage masa kallon waya da talabijin. Daga nan ya fara 'yar tafiya a tsakar gida, da ɗan karatu kaɗan kaɗan. In ciwon ya tsananta a sassauta. Kulle shi a ɗaki mai duhu mako guda ba ya kawo sauƙi. Babba yakan warware cikin mako 2, yaro yakan kai mako 4. In ya wuce haka a koma wurin likita. Kafin nan ba ƙwallo, ba langa, ba hawan keke, kuma kada a ɗora wa yarinya tulu ko farantin talla, don buguwa ta biyu kafin ta fari ta warke tana da hatsari ƙwarai.

Amma in yana ta amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko ya yi jijjiga, ko magana ta sarƙe, ko hannu ko ƙafa ya mutu, ko ruwa ko jini na fita ta kunne ko hanci, ko kuwa kin tashe shi ya ƙi farkawa, to, kada ki jira maigida ya dawo daga kasuwa. Ki saɓe shi sai asibiti, ko da tsakar dare ne.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.