Tsimin da Ya Shekara: Me Ya Hana Shi Lalacewa?

Ya kai mai karatu, idan kana zaune a karkarar arewacin Kano, daga Ungogo da Dawakin Tofa zuwa Bichi da Dambatta da Makoɗa, ba sai an faɗa maka cewa akwai gidajen da suka yi suna wajen haɗa tsimi ba. Sana'ar gado ce. Ana haɗa sassaƙen itatuwa da saiwoyi, a zuba kanumfari da citta da masoro, a sa rake ko mazarƙwaila ko dabino ko zuma, a dafa ko a jiƙa, a rufe, a ajiye. Akwai na basir, akwai na sanyi, akwai na ƙarfin maza, akwai na amare da masu jego. Abin da mai sayarwa ya fi alfahari da shi kuwa shi ne daɗewa: wannan ya yi wata shida, wancan ya shekara, don haka ya fi tsada. In ka nuna shakka sai a jefo maka karin magana, wai da tsohuwar zuma ake magani.

A kan wannan da'awa nake jayayya, kuma ba da wasa ba, domin masu shan tsimin nan su ne ke zuwa gabanmu a ɗakin ba da magani na asibiti da takardar likita a hannu, ba su kuma faɗa wa likitan abin da ke cikin jarkar da suka baro a gida ba.

Mu fara da zumar. Zuma tana daɗewa ne saboda ruwan da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai, bai kai kashi 20 cikin 100 ba, don haka ƙwayoyin halitta ba sa iya rayuwa a ciki. Ranar da ka sirka ta da ruwa, ranar ka cire mata wannan kariya. Yis, irin wanda ke kumbura burodi, yana nan a iska da ɓawon rake da fatar dabino. Da ya sami ruwa mai zaƙi da ɗumi sai ya cinye sukarin, ya mayar da shi iska da barasa. Kumfar da kake gani a bakin jarka, da hucin da take yi in an kwance murfi, da ɗumin da ke ratsa ƙirji bayan kurɓa biyu, alamun wannan aiki ne. A zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, kwanaki kaɗan sun isa. Magabata sun san haka: ya zo a Sahihu Muslim cewa jiƙon zabibi da ake yi wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba ya shan sa bayan yammacin rana ta uku. Hukunci na malamai ne. Nawa shi ne in gaya maka abin da ke faruwa a cikin jarka.

Saboda haka tambayar da ya kamata ka yi wa mai tsimi ita ce: me ya hana wannan ruwa lalacewa tsawon shekara? Ruwa mai zaƙi ba ya zama lafiya a ɗaki haka kawai. Ko dai barasa ta yi yawa a ciki har ta kashe sauran ƙwayoyin, ko iska ta shiga ya juye ya zama ruwan khal mai tsami, ko an zuba masa wani sinadari, ko kuwa ya lalace ɗin ne, ɗacin sassaƙe da yajin kanumfari suka rufe warin.

Dubi mutanen da ajiye abin sha shekara da shekaru ya zama musu sana'ar gado. A kwarin kogin Douro na ƙasar Fotugal akwai iyalai da ke yin giyar inabi mai suna Port. Suna tsayar da tsimuwar inabin ne ta hanyar zuba masa tatacciyar barasa har ƙarfinsa ya kai kusan kashi 20 cikin 100, su adana shi a wuri mai sanyi, su rubuta ƙarfin da shekarar a jikin kwalba. Ban kawo su don in yaba hajarsu ba. Barasa guba ce ga hanta ko a wace kwalba ta zo. Na kawo su ne don su ba sa ɓoye abin da ke tsare musu ruwan. Wanda ya saya ya san abin da ya saya. Kai kuwa an miƙo maka gorar ruwa da aka sake amfani da ita, babu suna, babu kwanan wata, babu ma'auni, an ce magani ne. Cinikin biri a sama ke nan, da lafiyarka.

Ga inda abin yake cizo. Mai ciwon sukari da ke shan glibenclamide ko yake allurar insulin, zaƙin tsimin zai ɗaga masa sukari, barasar kuma tana iya kayar da shi ƙasa cikin dare, iyali su tashi su tarar da shi a some. Mai shan maganin tarin fuka na wata shida hantarsa tana ɗauke da kaya tun farko, ba ta buƙatar ƙari. Wanda aka rubuta wa metronidazole, wato Flagyl, kullum mukan gargaɗe shi ya nisanci barasa. In ya ce mana ba ya sha, gaskiya ya faɗa iyakar saninsa. Mace mai ciki barasa tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi, mai jego kuma tana fita a nononta.

Sannan akwai tsimin da ake yi wa ƙari. Ba kowane mai haɗawa ke yin haka ba, amma gasa ta yi yawa a kasuwa, mai saye kuma yana son abin da zai ji a jikinsa yau ɗin nan. Sassaƙe ba ya aiki cikin rabin sa'a. Ƙwayar bature tana yi. Sai a niƙa sildenafil a zuba a na maza, tramadol a na ƙarfin aiki, dexamethasone a na ƙiba da ciwon gaɓɓai. Mai ciwon zuciya da ke shan magungunan nitrate, in ya haɗa da sildenafil, jininsa na iya faɗuwa warwas. Dexamethasone kuwa tana kumbura fuska, ta tayar da sukari da hawan jini, ta raunana ƙashi, kuma wanda ya daɗe a kanta in ya daina kwatsam yana iya galabaita har a rasa shi. Kumatun da dangi ke yi wa amarya barka a kansu wani lokaci alamar cuta ce.

Kada ka ce wannan tsoratarwa ce ta 'yan boko. A watan Maris na 2021, ɗaruruwan mutane a Kano suka kwanta asibiti suna amai da fitsarin jini, wasu suka rasu, bayan shan abin sha da aka haɗa da wani gari da aka sayar da sunan ɗan tsami. A 2015, a Ode-Irele ta Jihar Ondo da kuma Jihar Ribas, mutane da dama sun mutu saboda ogogoro mai gubar methanol, wadda ke makantarwa kafin ta kashe. Duk mai tsimin da ya sayo barasar da ba a san asalinta ba don hajarsa ta daɗe, wannan ƙofar ya buɗe. Jarkar ma abin tambaya ce, domin a ƙasar noma irin tamu jarkar maganin feshi ba ta wuyar samu, wankin omo kuma ba ya tabbatar da cewa ta tsarkaka.

Za a ce da ni kakanninmu sun sha sun rayu, kuma magungunan asibitin ma daga itatuwa suke. Maganar ƙarshe gaskiya ce. Kwinin daga ɓawon itacen sinkona aka samo shi. Artemisinin da muke kashe zazzaɓin cizon sauro da shi daga wani ganye dangin tazargade ya fito, har Tu Youyou ta ƙasar Sin ta sami kyautar Nobel a kansa a 2015. Amma abin da ya mai da su magani shi ne awo: nawa ne a cikin ƙwaya ɗaya, nawa jiki ke ɗauka, yaushe ƙarfinsa ke ƙarewa. Kowane magani da ke kan kantata yana da ranar ƙarewa, domin sinadarai raguwa suke yi da tsufa. Mene ne dalilin da zai sa sassaƙen marke ya fita daga wannan doka? Kakannin kuwa ba sa shan tsiminsu a kan metformin da maganin hawan jini, kuma babu tramadol a kasuwarsu.

Ga masu sana'ar, ba na kiran a rufe gidan kowa. Ilimin itatuwa gado ne mai daraja. Amma mai mutunta gadonsa zai rubuta abin da ya zuba da ranar da ya haɗa, ya yi amfani da mazubi mai tsabta, ya kai hajarsa NAFDAC a gwada. Ka kuma sani, mai karatu, lambar da hukumar ke fara bai wa maganin gargajiya shaida ce ta cewa an duba amincinsa, ba shaidar yana warkar da abin da aka rubuta ba.

Kai kuma ga naka. Duk ruwan magani da ke kumfa, ko yake huci, ko ya kumbura gora, ka zubar. Kada ka ba mai ciki, ko mai shayarwa, ko yaro, ko mai ciwon hanta ko ƙoda. In ka daɗe kana shan na ƙiba ko na gaɓɓai har fuskarka ta cika, kada ka daina da kanka, je asibiti a sauke ka a hankali. In wani ya sha ya fara ganin dishi-dishi, ko amai ba tsayawa, ko fitsari ya canza launi ko ya ɗauke, a kai shi asibiti nan take, a tafi da gorar. Ranar da za ka zo karɓar magani kuma, ka faɗa mana duk abin da kake sha a gida. Ba za mu yi maka dariya ba. Abin da ka ɓoye mana shi ne abin da ba za mu iya kare ka daga gare shi ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare masu ita.