Filin Kimiyya: Mai Masauki da Baƙinsa

Masu karatu, a wannan mako za mu duba wata dabara da manyan ma'aikatu ke yi, wato raba kwamfuta guda ta zama tamkar injuna da yawa. Dalili kuwa shi ne, babbar kwamfutar da ke yi wa ofisoshi hidima, wadda ake kira saba, sau da yawa aiki ɗaya tak aka ɗora mata, sai ta wuni tana shan wuta alhali yawancin ƙarfinta na zaune banza.

Masana kan kira injin na ainihi mai masauki, waɗanda aka kafa a cikinsa kuwa baƙi. Tsakaninsu akwai manhaja mai kula, ita ke yanka wa kowane baƙo rabonsa na memori da wurin ajiya da lokacin aiki, har kowanne ya zaci shi kaɗai ne a gidan. Wannan na tafiya da Linux, maƙwabcinsa da Windows, ba wanda ya san da wani.

Abin ya daɗe. Kamfanin IBM ya fito da VM/370 tun 1972. Ƙananan injuna kuwa ba su sami sauƙinsa sosai ba sai da Intel a 2005, da AMD a 2006, suka gina dabarar cikin ƙwaƙwalwar injin kanta. A 2007 aka shigar da manhajar KVM cikin Linux, kuma da fitowar Red Hat Enterprise Linux 6 a 2010 kamfanin ya ajiye Xen ya riƙe KVM.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ana iya yi wa baƙi alkawarin memori fiye da wanda ke gidan, bisa zaton ba za su nema lokaci guda ba. Inji mai gigabait 64, a raba wa baƙi 100. A ganina wannan cin bashi ne. Ranar da ake lissafin albashi kowa ya miƙo hannu, sai aiki ya yi nauyi. In abin ya ƙure, Linux kan kashe wani aiki don ya tsira, shi kuwa baƙo a wurinsa aiki ne kamar sauran, komai muhimmancin abin da yake ɗauke da shi.

Haka nan in mai masauki ya faɗi, baƙi duka sun faɗi. Gaskiya ne ana iya ƙaurar da baƙo zuwa wani inji yana cikin aiki ba tare da an kashe shi ba, amma sai in an sayi inji na biyu, an kuma bar masa sarari, sa'an nan a yi ƙaurar tun na farkon yana numfashi.