Kafin telan Jibia ya ci bashin keken wibin, ya fara ƙure Butterfly ɗinsa

Duk matashin da ke bin bidiyon ɗinki a TikTok zai ɗauka cewa ba a zama cikakken tela sai da keken wibin, wanda ke datse bakin yadi yana ɗaure shi a lokaci guda. Ga mai shago a Jibia, wannan tunani na iya jawo bashin da bai zama dole ba.

Kasuwar garin da iyaka take numfashi. An rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe mashigar Jibia ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar aka sake garƙame ta a 2023, har zuwa Maris 2024. Duk lokacin da hanyar Maraɗi ta tsaya, ciniki ya kwanta, mai bashi kuwa ba ya jira. Ga matsalar wuta, ga tsadar man janareta tun cire tallafi a Mayun 2023, alhali yawancin kekunan wibin da lantarki suke aiki.

Baƙin Butterfly na ƙafa miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, amma ya isa ya hana yadi zarewa. Hanya mafi tsafta ita ce ɗinki biyu: a haɗa ƙyallayen fuskarsu na waje, a ɗinka kamar rabin santimita daga baki, a rage bakin da almakashi, a juya a goge, sannan a sake ɗinkawa nesa kaɗan. Bakin zai shige ciki, ba zare ko ɗaya a fili. Wannan ya dace da shadda, atamfa da yadi mara kauri. Wandon da zai sha wanki kuwa, a rage baki ɗaya, a kalmasa ɗayan a kansa, a danne da ɗinki, irin na jins. Mai keken da ke zigizag ya bi bakin da shi, ya huta.

Gaskiya ne wibin ya fi sauri, ya fi kuma sauƙi a lanƙwasa irin ta hammata. Shagon da kaya ke yi wa yawa gab da Sallah yana da hujjar saye. Sai dai ciniki ne ya kamata ya sayi keke, ba bidiyo ba.

Amfanin waya a nan shi ne koyo da talla. YouTube na ba da damar rage gudun bidiyo zuwa rabi, har a ga yadda hannu ke kalmasa. Sannan mai karɓar ɗinki kan juya riga ya duba cikinta kafin ya biya. Telan da ya sa hoton cikin rigar a sitatus ɗin WhatsApp ya nuna abin da sauran ke ɓoyewa, kuma bai ci bashin ko sisi ba.