Kayan Gyaran Mota A Sabon Gari: A Gaya Wa Mai Saye Abin Da Yake Saye

Duk wanda yake da mota a Kano, ko yake tuƙa ta wani, ko ma dai yake shiga ta haya, to maganar da muka ɗauko a wannan mako ta shafe shi. Maganar kuwa ita ce ta kayan gyaran mota da ake sayarwa a shagunan Sabon Gari da sauran sassan Fagge har zuwa Ƙofar Ruwa, da kuma irin amsar da mai saye yake samu ran da ya komo da kayan da ya ƙi aiki. Mun ga ya dace a yi ta a wannan shafi domin da yawa daga cikin masu shagunan nan, da yaransu, da makanikan da ke saye a wurinsu, ranar Lahadi tare muke sujada da su, wasu ma dattawa ne a ikkilisiyoyinmu.

Ba yau abin ya fara ba. Manyanmu suna tune da lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, ga Volkswagen a Legas, ga Steyr a Bauci, ga manyan motocin Fiat a nan Kano. A wancan zamani ma'aikacin gwamnati yakan sami rance ya sayi 504 sabuwa dal, in wani abu ya lalace ya nufi wurin wakilin kamfani a ba shi irin wanda aka cire. Daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, darajar Naira ta karye, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi. Sai aka koma ga motocin gwanjo, waɗanda muke kira Beljiyam ko 'yan Kwatano saboda hanyar da suke biyowa. Tsohuwar mota kuwa ba ta rabuwa da gareji, don haka kasuwar kayan gyara ta buɗe, aka shiga shigo da su daga Taiwan, daga baya kuma daga Sin da Dubai, wasu kuma ana ƙera su a Nnewi. Michelin da Dunlop, masu yi mana taya a cikin gida, sun rufe masana'antunsu a 2007 da 2008. Janye tallafin mai da sakin Naira da aka yi a 2023 kuma suka ƙara wa kome tsada, har ya zama tambayar farko da mai mota yake yi a bakin shago ita ce, "Oga, wanne ne mai sauƙi?"

A yau in mutum ya je neman boris, ko fulogi, ko kayan birki, iri huɗu zai tarar. Akwai na asali, wanda kamfanin motar ko mai yi masa aiki ya ƙera. Akwai Beljiyam, wato shi ma na asali ne, sai dai an ciro shi daga jikin motar da ta gama aikinta a Turai ko Amurka ko Japan. Akwai sabo na wasu kamfanoni dabam, shi kuwa hawa-hawa ne, wani yana da kyau ƙwarai har ya kusa kamo na asali, wani kuma na 'yan makonni ne. Sa'an nan akwai jabu, wanda aka buga masa suna da tambarin da ba nasa ba. Mu ba mu ga laifin sayar da ukun farko ba. Mai A Daidaita Sahu ko mai tsohuwar Golf yana da iko ya sayi abin da aljihunsa zai ɗauka. Laifin yana wurin da za a ɗauko ƙaramin kaya a sa shi a kwalin babba, a wanke tsohon fulogi a ce sabo ne, a fesa wa shakazoba fenti, a ɗura baƙin mai na algus a galan mai hatimi, sa'an nan a dubi idon mutum a kira sunan Allah a ce masa gangariya ne.

In an yi ƙorafi, masu shago sukan ce ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Gaskiya ne, karin maganar ba ta yi ƙarya ba. To amma sai in an gaya masa rariya ce. Wanda aka naɗe wa rariya a takarda aka ce masa ƙwarya ce, ya kuma biya kuɗin ƙwarya, ba shi karin maganar take nufi ba. Abin da muke nema a wurin 'yan'uwanmu masu wannan sana'a ke nan, kuma ba abu ne mai wuya ba: a kira kowane kaya da sunansa. A ce wannan na asali ne, ga kuɗinsa. Wannan yana biye da shi. Wannan kuwa zai kai ka ɗan lokaci kafin ka sami kuɗin mai kyau. Mai saye ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Sai kuma ranar komowa da kaya, wadda a ganinmu ta fi ranar saye tona asirin halin ɗan kasuwa. Mutumin da jiya aka ba shi kujera, ana "maigida, maigida", har aka aiki yaro ya sayo masa ruwan sanyi, yau da ya dawo da lagireto yana yoyo sai a yi kamar ba a taɓa ganinsa ba. Yaron shago ya ce oga ba ya nan. In ogan ya zo ya juya rasit ya nuna masa 'yar rubutun da ke ƙasa, wai kayan da ya bar shago ba ya dawowa. In kayan wuta ne ma ba a tsayawa jin bayani. Mai shago ya ce bakanike ne bai iya ɗaurawa ba, bakanike ya ce kayan ne ba shi da kyau, mai mota ya yi ta safa da marwa tsakanin shago da garejin Kwakwaci har rana ta faɗi, ya biya kuɗin aiki sau biyu, ya sayi kayan sau biyu. In direban haya ne, ga kuma kuɗin da zai kai wa mai motar da yamma, ko ya yi aiki ko bai yi ba. Akwai masu ba da 'yan kwanakin gwaji a kan injin Beljiyam, suna kuma cika alkawari in ya ƙi, muna yaba musu. Su ne hujjarmu cewa ana iya yi ba tare da shago ya karye ba.

Makanikai ma kada su ce da masu shago kaɗai muke. Sanin kowa ne yadda ake yi: mai mota ya ba da kuɗin na asali, bakanike ya je ya ce wa yaron shago, "Ba ni na biyu, ka rubuta kuɗin na ɗaya." A raba abin da ya rage. Wasu sukan ce ai kamasho ne, kowace sana'a tana da shi. La'adar da mai shago ya ɗiba daga ribarsa ya ba wanda ya kawo masa ciniki, wannan tsakaninsu ne. Amma rasit ɗin da aka rubuta abin da ba a saya ba shaidar zur ce, hannu biyu kuma suka sa a ciki. Abin da ya fi damunmu shi ne yaran da muke kai wa koyon sana'a, 'yan shekara goma sha biyar, sha shida, waɗanda suke ganin wannan kowace rana, suna ɗauka cewa shi ne kasuwanci. Makarantar Lahadi tana samunsu awa ɗaya a mako, shago ko gareji kuwa kwana shida.

Da a ce asarar kuɗi ce kaɗai da da sauƙi. Fulogin jabu iyakarsa ya tsayar da kai a hanya. Kayan birki marar kyau kuwa, in ya ɗauki zafi sai ya daina kamawa, man birkin da ruwa ya shiga kuma yakan tafasa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa ba kome. Wannan ba ya faruwa a cikin gari inda ake tafiya a hankali. Yana jira ne sai mota ta cika da mutane da kaya tana gangara Hawan Kibo, ko tana gudu a dajin Falgore a hanyar Jos. Tayar da ta tsufa, ko wadda aka cusa a cikin wata don a rage kuɗin dako har ta lanƙwashe, takan fashe ne a zafin watan Afrilu a kan titin Zariya. Su wane ne a cikin waɗannan motoci? Zumuntar Mata ce za ta taro, mawaƙa ne za su ɗaurin aure, iyalai ne suka hau a tashar New Road za su gida Kirsimeti. Mai shagon da ya sayar da kayan ba zai taɓa ji ba, domin ba wanda yake bin sawun ƙarfen da ya karye har shagon da ya fito. Rashin jinsa bai wanke shi ba.

Littafi Mai Tsarki bai bar wannan a duhu ba. Maimaitawar Shari'a sura 25 ta hana mutum ya ajiye ma'auni iri biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa. Annabi Amos a sura 8 ya yi faɗa da 'yan kasuwar da suke ƙosawa ranar hutu ta wuce don su koma ga tauye mudu, har suna haɗa dusa a cikin hatsin da suke sayar wa matalauta. Lura fa, mutanen da Amos yake magana da su masu kiyaye ranar sujada ne, ba sa buɗe shago a ranar. Maƙwabtanmu Musulmi su ma addininsu ya yi hani da tauye mudu da ɓoye aibin haja, don haka in Alhaji ko direbansa ya shigo shagon da aka rubuta sunan Yesu a allonsa, ya ga kalandar majami'a a bango, aka kuma sayar masa da jabu, ya san sarai abin da aka yi masa, ya kuma san wanda zai jingina wa. Sabon Gari ya haura shekara ɗari da kafuwa, tun bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, kuma a tsawon wannan lokaci yawancin mutanen birni ba su taɓa shiga majami'a ba. A kan teburin ciniki suka san mu. Zaman lafiyar da muke roƙo a garin nan kuwa, da yarda ake gina ta.

Ba mu manta da wahalar 'yan kasuwa ba. Su ma manyan masu shigo da kaya suna cutarsu, wani lokaci sai an buɗe kwali ake ganin abin da ke ciki, kuma ba mai mayar musu da kuɗi. Ga hayar shago, ga haraji iri-iri, ga waɗanda gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta mayar baya. Ga mu kuma masu saye, da za a nuna mana mai kyau mu ce ya yi tsada, mu wuce shagon gaba inda za a yi mana ƙaryar da muke son ji. Har kwamitocin majami'u ba su fita ba: nawa ne suke matsa wa direban motar ikkilisiya ya nemo mafi araha don lissafin ƙarshen shekara ya yi kyau, alhali an ware kuɗi mai yawa na fenti da labule? Duk da haka wanda ya san kaya shi ne mai sayarwa. Mai saye kwali yake gani. Shi ya sa nauyin ya fi yawa a wuyan mai shago.

Game da hukuma, akwai SON mai kula da ingancin kayayyaki, wadda tushenta ya koma 1971, tana kuma da tsarin binciken kaya tun kafin su baro ƙasar da aka yi su, wanda ta fara a 2005. Akwai dokar kare haƙƙin mai saye da aka sa wa hannu a 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta kuma ba mai saye ikon mayar da kaya mai aibi cikin wata uku a gyara, ko a canja, ko a ba shi kuɗinsa. Wato 'yar rubutun nan ta ƙasan rasit ba ta fi doka ƙarfi ba. Sai dai mun san direban A Daidaita Sahu ba zai bar aikin yini ya tafi ofis a kan boris ɗaya ba. Waɗanda suke kusa da shi su ne ƙungiyar 'yan kasuwa da ta makanikai, su ne kuma za su iya kafa ƙa'idar kwanakin gwaji da kowane shago zai bi, su hukunta wanda ya karya.

Ikkilisiya kuma tana da nata. Muna hora masu bi a kan shan giya da zina, muna dakatar da su daga Jibin Ubangiji, amma yaushe rabon da mu ji an kira ɗan'uwa gaban dattawa a kan ya sayar da kayan birki na jabu? Sau da yawa ma shi ne ake kira ya buɗe baikon godiyar kaka, a tafa masa. Muna roƙon fastocinmu su yi wa'azi a kan wannan da sunansa, su ce fulogi, su ce taya, su ce rasit, don kada kowa ya zaci da maƙwabcinsa ake. In ƙara ta zo tsakanin mai shago da mai saye, ko mai sayen ba mai bi ba ne, dattawa su saurara, in an tabbatar da cuta a sa a mayar da kuɗi. Masu gaskiya kuma, da suna nan da yawa, a san su, a riƙa kai musu ciniki ko da nasu ya ɗara tsada.

Kafin tafiye-tafiyen Disamba su kankama, kowane kwamiti mai kula da motar ikkilisiya ya tura mutum biyu su duba tayoyinta. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, kuma ganewa ba wuya: a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In za a sayi kayan birki, ma'aji ya bi bakanike har shagon, ya ce a rubuta a rasit ko wane iri ne da kwanakin da za a iya komowa da shi, mai shago ya sa hannu.