RA'AYINMU: Linzamin Na'ura Yana Hannun Wa?

Duk wanda ya baro gida yana neman abinci a Ikko, ko Badun, ko Anacha, ko Fatakwal, ya san cewa yau rabin cinikinsa ba ya bi ta tafin hannunsa. Mai tumatir a kasuwar Mile 12, da dillalin shanu a Agege, da ɗan canji, da mai shayi a unguwar Sabo, kowannensu ya dogara ga na'urorin bankuna da na kamfanonin waya wajen karɓar kuɗin kayansa da aika wa iyali abin cefane. Idan na'ura ta tsaya, kasuwa ta tsaya. Saboda haka maganar yadda manyan ma'aikatu ke tafiyar da na'urorinsu masu ƙwaƙwalwa ta shafi talaka kai tsaye, ko da kuwa bai taɓa zama gaban kwamfuta ba.

Abin da muke nufi da tafiyar da al'amarin na'ura ya wuce gyaranta idan ta lalace, wannan aikin injiniyoyi ne, kuma sun iya abinsu. Muna magana ne a kan tambayoyi uku waɗanda shugabanni kaɗai ke iya amsawa. Wa ke da ikon yanke shawarar abin da za a saya? Wace riba ake nema da shi, ga ma'aikata da kuma ga jama'ar da take yi wa aiki? Idan kuma abu ya ɓaci, wa za a riƙe? Ma'aikatar da ba ta da amsar waɗannan a rubuce ta zama kamar attajirin da ya sayi babbar mota, ya miƙa wa makanike makulli, ya ce ya zaɓi garin da za a je da kayan da za a ɗauka.

Mun ga sakamakon irin wannan sakaci da idonmu. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sake fasalin takardun Naira 200, da 500, da 1,000. Aka sa ranar 31 ga Janairu 2023 ta zama ranar daina karɓar tsofaffin kuɗi, daga baya aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu. Aka ce wa jama'a su koma ciniki ta waya. To, amma hanyoyin aika kuɗi na bankuna da yawa ba su iya ɗaukar wannan kaya ba. Kuɗi ya fita daga asusun mai saye bai isa na mai sayarwa ba, mutane suka wuni a layi, masu POS suka tsauwala caji, kayan gwari suka ruɓe a hannun masu su. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun, sannan aka fara numfasawa. Tambayar da ya kamata a yi tun kafin sanarwa ita ce ko na'urorin za su iya ɗaukar cinikin ƙasa baki ɗaya a cikin 'yan makonni. Wannan tambaya ce ta shugabanni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada wani ya ɗauka cutar tamu ce mu kaɗai. A Ingila, Gidan Waya ya fara aiki da wani tsarin lissafi mai suna Horizon a 1999, wanda kamfanin Fujitsu ke kula da shi. Na'urar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a ƙananan rassa alhali ba a ɗauki ko kwabo ba. Shugabanni suka gaskata na'ura, suka ƙaryata mutanensu. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu riƙon rassa sama da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, wasu suka tafi kurkuku, wasu suka rasa gidajensu da mutuncinsu. Sai a 2019, bayan mutum 555 sun haɗu sun kai ƙara, Babbar Kotu ta tabbatar cewa tsarin na da kurakurai. A 2024 majalisar ƙasar ta yi doka ta musamman don soke hukunce-hukuncen. Kuskuren na'ura abu ne da ake gyarawa. Abin da ya mai da shi bala'i na shekara 20 shi ne rashin wanda zai tsaya a saman ma'aikatar ya ce a bincika.

A can kuwa akwai abin koyi ta fuskar hukunci. A watan Afrilu na 2018 bankin TSB ya kwashe bayanan masu ajiyarsa zuwa sabon tsari ba tare da cikakken shiri ba, mutane masu yawan gaske suka kasa taɓa kuɗinsu. Kafin shekarar ta ƙare shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka daga kujerarsa. A watan Disamba na 2022 hukumomin da ke sa ido kan bankuna suka ci bankin tarar sama da Fam miliyan 48. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Shugaban da ke karɓar yabo ranar buɗe sabon tsari, shi ya kamata ya amsa tambaya ranar da ya rushe.

Ba mu faɗi wannan don mu tsorata kowa da na'ura ba, domin inda aka san abin da ake nema da ita, ribarta a fili take. A 2014 aka ƙaddamar da lambar BVN, wadda ke ɗaure kowane asusun banki da zanen yatsun mai shi. Da aka gwama ta da tsarin biyan albashi na IPPIS, wanda aka fara tun 2007, Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ba da sanarwa a watan Fabrairu na 2016 cewa ta cire sunayen ma'aikatan bogi sama da 23,000, abin da ya rage sama da Naira biliyan 2 daga albashin wata guda. Nan an san manufa, an san wanda ke da alhaki, an kuma iya ƙidaya ribar. Amma wannan tsari na IPPIS ɗin, da aka ɗora shi a kan jami'o'i ba tare da an daidaita da malamansu ba, ya shiga cikin dalilan yajin aikin wata 8 na 2022, har a watan Disamba na 2023 gwamnati ta amince a fitar da su daga cikinsa. Na'ura ɗaya ce, bambancin yana wajen shawara.

Masana sun daɗe da shimfiɗa ƙa'idar wannan al'amari. A 2008 hukumomin ma'auni na duniya suka fitar da ƙa'ida mai lamba 38500, wadda ta ɗora wa shugabannin kowace ma'aikata ayyuka uku: su auna abin da ake buƙata, su ba da umarni, su kuma bi sawu su ga ko an cika. A Afirka ta Kudu, rahoto na uku na kwamitin Mervyn King, wanda ya fito a 2009, ya faɗa ƙarara cewa kula da al'amarin na'ura nauyi ne na hukumar daraktoci. A nan gida muna da hukumar NITDA, wadda aka kafa a 2001 aka ba ta doka a 2007, muna kuma da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Ashe dai ba takarda muka rasa ba.

Bisa ga haka muna kira ga mahukunta da abubuwa huɗu. Na farko, kada wata ma'aikatar gwamnati ko banki su sa hannu a kwangilar na'ura sai an rubuta amfanin da ake sa rai, da lokacin da za a auna shi, da sunan babban jami'in da zai amsa. Na biyu, kada a rufe tsohuwar hanya sai an gwada sabuwa an ga ta ɗauki nauyi, kuma a tanadi abin da za a koma wa ranar da ta tsaya. Na uku, masu binciken lissafi su riƙa bincikar na'ura kamar yadda suke bincikar littattafan kuɗi, su kai rahotonsu ga daraktoci ba tare da ya bi ta hannun waɗanda ake bincika ba. Na huɗu, idan lissafin na'ura ya saɓa da maganar mutum, a saurari mutumin, a kuma mayar masa da kuɗinsa cikin kwanakin da aka ƙayyade. Muna fata 'ya'yan jam'iyyarmu da ke Majalisar Tarayya za su riƙa yi wa ministoci waɗannan tambayoyi duk lokacin da aka zo kare kasafin kuɗi.

Mu ma, ya ku 'yan'uwa mazauna Kudu, akwai namu rabon a cikin wannan nasiha. Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa, da na direbobi, da na masallatai, sun fara ajiye sunayen membobi da lissafin kuɗin wata a cikin waya ko kwamfuta. Sau da yawa yaro ɗaya ne, wanda ya fi kowa iya latsawa, ke riƙe da komai, har da lambar sirri ta asusun ƙungiya. Ranar da wayarsa ta ɓace, ko ya koma gida, ko aka sami saɓani, shi ke nan zumuncin shekaru ya shiga hatsari. Kamata ya yi shugaba da ma'aji su san abin da ke ciki, a buɗe asusu da sunan ƙungiya wanda ba a cire kuɗi sai da amincewar mutum biyu, a riƙa fitar da lissafi a takarda ana karanta wa taro. Wannan ba zargin kowa ba ne, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Dattijon da bai iya kwamfuta ba, ya iya tambayar nawa aka kashe, me aka samu, wa ke da alhaki. Wanda ya iya waɗannan tambayoyi, ya kuma dage sai an ba shi amsa, ya cancanci riƙe linzami, a ƙungiyar unguwa ne ko a Babban Banki. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya kuma sa albarka a nemanmu, amin.