Yaron da ya manta saƙo ba daƙiƙi ba ne

Muna yawan zaluntar yara a gida da makaranta ba tare da mun sani ba. Uwa ta ce: "Je ka sayo magi da gishiri da ashana, ka biya wajen mai niƙa, ka karɓo canjin jiya." Yaro ya dawo da gishiri kaɗai, sai a hau shi da faɗa, wai kansa ba ya ja. Ni dai a wurina, mai aiken ne ya kamata ya gyara.

A 1974 wasu masana biyu a Birtaniya, Alan Baddeley da Graham Hitch, suka bayyana cewa ƙwaƙwalwa na da wata 'yar ma'ajiya mai riƙe sautin da kunne ya ji. Abin da ya shiga cikinta yakan dushe cikin kamar sakan biyu, sai fa in mutum yana nanata shi a zuci. Shi ya sa idan aka karanto maka lambar waya mai lambobi 11, leɓenka ke ta motsi har ka rubuta. Wani ya sa baki a tsakani, shi ke nan ta ɓace.

A 1980, wasu masanan, Ellis da Hennelly, sun gwada masu jin harsuna biyu a yankin Wales. Mutum ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, amma ya fi riƙe lambobi da Turanci, domin faɗin su da harshen Welsh ya fi cin lokaci. Ashe tsawon magana ne ke cika ma'ajiyar, babu ruwan basira. Yaro kuwa bai kai babba riƙewa ba, kuma surutun da ke gefe yana ɓata abin da ya riƙe, ko da da harshen da ba ya ji ake yi.

Malaman allo sun daɗe da gane wannan a aikace. Malam ya biya wa almajiri 'yar gajeriyar gaɓa, almajiri ya maimaita har ya zauna, sannan a ƙara masa.

Don haka ina roƙon malaman firamare su riƙa gutsuttsura bayani, su dakata yaro ya maimaita da bakinsa, su rubuta mai tsawo a allo. Hukumomin ilimi su sani cewa cunkoson aji da hayaniya suna cinye darasi tun kafin ya zauna. Mu iyaye kuma, in za mu yi aike, mu faɗi abu biyu ko uku, mu ce: "To, maimaita in ji." Yaron da aka yi ta kira daƙiƙi yakan yarda, ya daina ƙoƙari, kuma alhakin wannan a wuyanmu yake.