A Koya Wa Likitan Yara Shugabanci Tun Yana Ɗalibi

Ku sani, likita ba ya zama gwanin ciwon yara sai ya yi shekaru gaban manya a asibitin koyarwa, kamar na Zariya ko na Kano, ya kuma ci jarrabawa hawa biyu. Sa'an nan wani ya kama fannin jarirai, wani ƙoda, wani zuciya, wani ciwon jini irin su sikila.

Wannan tsari madalla da shi. Amma roƙona, a sanya ilmin shugabanci cikin karatun. Domin daren da aka kawo yara biyar masu jijjiga, malami yana gida, babban ɗalibi ne zai raba aiki, ya zaɓi wanda za a fara dubawa, ya kwantar da hankalin uwa, ya gyara kuskuren na ƙasa da shi ba da tozartawa ba. Wanda bai koya ba sai tsawa. Tsawa kuwa takan sa ma'aikaci ya ɓoye abin da ya gani, yaro ya halaka.

A makarantar allo, gardi yana biya wa ƙanana tun bai zama malam ba. To, a ba kowane ɗalibi riƙon ɗakin majinyata bi da bi, malami yana lura yana gyara. Wa ya san inda zai kai gobe? Ishaya Audu likitan yara ne, ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wassalam.